Kabonik Asid Da Kumburi: Shi Ke Tayar Da Shi, Ko Shi Ke Kwantar Da Shi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta ilimin sinadaran jiki, kuma an ba ni aikin rubutu a kan alaƙar kabonik asid da kumburi. Abin ya ɗaure mini kai. Wasu rubuce-rubucen na cewa wannan asid ne ke haddasa kumburi a jiki, har suna hana shan ruwa mai gas, suna cewa a riƙa shan bekin soda. Wasu kuma na cewa iskar kabon dayoksaid rage kumburi take yi. Wanne ne gaskiya? Mahaifiyata tana fama da amosanin gaɓoɓi, don haka ba don makin jarrabawa kaɗai nake tambaya ba."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya. Idan na fahimce ki, so kike ki san ko wannan asid tayar da kumburi yake yi ko kwantar da shi, tunda kin ga maganganu biyu suna karo da juna. Waɗanda kika karanta ba a kan abu ɗaya suke magana ba, suna ɗaya kawai suka laƙaba musu. Da zarar an ce "kabonik asid" a jikin mutum, abubuwa huɗu ne a ɗaure da igiya ɗaya: iskar kabon dayoksaid (CO₂), ƙwayar haidirojin mai caji wadda ake rubutawa H⁺, sinadarin baikabonet, da kuma enzayim ɗin (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ke juya wannan ya koma wancan. Kowannensu da yadda yake taɓa garkuwar jiki, kuma ba gefe ɗaya suke ja ba. Kumburin da nake nufi shi ne wanda Celsus, marubucin Rum na ƙarni na 1, ya siffanta da alamomi huɗu: ja, zafi, tasawa da ciwo, wato martanin jiki ga rauni ko ƙwayar cuta.

Asid ɗin da ba ya zama wuri ɗaya

Kin san lissafin: CO₂ + H₂O ⇌ H₂CO₃ ⇌ H⁺ + HCO₃⁻. Na tsakiyar nan shi ne kabonik asid, na ƙarshe kuma, HCO₃⁻, shi ne baikabonet. Mutum yana zaune ba ya aikin komai jikinsa na fitar da kusan mililita 200 na CO₂ a kowane minti, a yini kuwa abin ya kai wajen milimol 15,000. Sauran asid ɗin da ƙoda ke fama da su a yini ba su wuce milimol 50 zuwa 100 ba. Da a ce wannan asid guba ne mai tayar da kumburi, da babu mai rai da zai kwana lafiya.

Abin da littattafan aji ba su cika jaddadawa ba shi ne, cikin CO₂ da ta narke a ruwa, wadda ke zama H₂CO₃ na haƙiƙa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗan abin da ya samu ma nan take yake rabewa zuwa H⁺ da baikabonet, ko ya koma iska da ruwa. Kamar kuɗi ne a hannun ɗan aike, ta hannunsa suke bi amma ba a wurinsa suke kwana ba. Shi ya sa lambar pKa (ma'aunin ƙarfin asid, raguwarta na nufin ƙarin ƙarfi) ta 6.1 da kuka haddace a lissafin Henderson da Hasselbalch ba ta asid ɗin ba ce shi kaɗai, an haɗa shi ne da dukan CO₂ da ta narke aka yi musu lissafi ɗaya. Tasa ta gaskiya tana wajen 3.5, wato ya ɗan fi laktik asid ƙarfi ma. Ƙarancinsa ne ya sa ake ganinsa mai rauni.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan. A 1933 Meldrum da Roughton a Kambirij ta Ingila suka ware enzayim ɗin kabonik anhaidires daga jajayen ƙwayoyin jini, a 1940 Keilin da Mann suka nuna akwai zinki a cikinsa. Nau'insa na biyu, CA II, yana iya juya ƙwayar CO₂ kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Yadda yake aikin shi ne, ruwan da ke maƙale da zinkin nan ya saki H⁺, abin da ya rage ya kama CO₂ kai tsaye ya mayar da ita baikabonet. Ba a bi ta kan H₂CO₃ ba sam. Saboda haka duk inda enzayim ɗin yake, kuma yana kusan ko'ina a jiki, an tsallake kabonik asid ɗin ma gaba ɗaya.

A asibiti ma babu mai auna shi. Na'urar gwajin iskar jini tana auna pH (ma'aunin tsami, yana sauka idan tsami ya ƙaru) da matsin CO₂, sannan ta lissafo baikabonet. Lafiyayyen jini yana tsakanin pH 7.35 da 7.45, matsin CO₂ tsakanin 35 da 45 mmHg, baikabonet wajen milimol 24 a lita, wato ninki 20 na CO₂ da ta narke. Huhu ke riƙe da gefe ɗaya cikin mintuna, ƙoda ke riƙe da ɗayan cikin sa'o'i da kwanaki. Duk takardar da kika ga ta ce ta gano aikin kabonik asid a kumburi, tambayar farko ita ce: me suka auna, me suka canza?

Me ya sa wurin da ya kumbura yake yin tsami

Wannan tsohon sani ne. Tun a shekarun 1930 Valy Menkin a Amurka yake tsira wa karnuka man tafentain a cikin tantanin huhu, yana ɗiban ruwan da ya taru kullum yana aunawa. Ya ga cewa yayin da kwanaki ke tafiya ruwan yana ƙara tsami, kuma nau'in fararen ƙwayoyin jinin da ke ciki yana canzawa: niyutirofil da suka fara isowa suna raguwa, makirofaj suna maye gurbinsu. Aune-aunen baya sun tabbatar da tushen abin da ya gani. A cikin ƙurji mai mugunya pH yakan sauko kusa da 6, a ruwan gaɓar mai amosani nau'in rumatoyid kuma yakan sauko ƙasa da na jini, tare da ƙarancin oksijin, yawan laktet da hauhawar matsin CO₂.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a ɗan ƙaramin wuri, kuma niyutirofil ba ta dogara da oksijin wajen samun ƙarfi, sukari take fasawa ta fitar da laktik asid. Idan ta tashi kashe bakteriya da sinadaran oksijin masu ƙuna, nan ma H⁺ take fitarwa. Bakteriyar kanta tana ci tana zubar da nata asid. Ga shi ƙananan magudanan jini sun matse saboda ruwan da ya taru, jinin da zai kwashe shara ba ya gudu yadda ya kamata. H⁺ ɗin da ya taru sai ya haɗu da baikabonet ɗin wurin, lissafin nan ya juya baya, a sami CO₂. Ita kuma ba ta da hanyar fita da sauri. Ki lura da jerin: kumburi ne ya fara, tsami ya biyo, hauhawar CO₂ a wurin wani ɓangarenta ma alama ce ta cewa baikabonet yana aikin tare asid. Masu cewa kabonik asid ne ya kawo kumburin sun ɗauki abin da ya biyo baya sun mayar da shi sanadi.

Inda wannan sani ya fi amfani a gadon asibiti shi ne ruwan da ke taruwa a gefen huhu bayan ciwon nimoniya. Idan aka zuƙo ruwan aka auna pH ɗinsa ya gaza 7.2, ƙa'idar likitocin ƙirji ita ce a sa bututu a tsiyaye shi, domin maganin kashe bakteriya kaɗai da wuya ya isa. Tantanin ya yi kauri, CO₂ da asid sun maƙale a ciki, lambar tana gaya wa likita cewa abin ya yi nisa. Ma'aikatan ɗakin gwaji sun san wahalar wannan awo: idan kumfar iska ta shiga sirinjin, CO₂ ta tsere, pH ya hau, sai ruwa mai haɗari ya fito kamar lafiyayye. Idan kuma ragowar allurar kashe zafi ta gauraya da shi, sai ya sauka fiye da gaskiya.

Gefen H⁺

Cewa tsami ya biyo bayan kumburi ba ya nufin zaman banza yake yi a wurin. Jiki yana jin sa. A 1997 aka gano ƙofofi biyu a jikin jijiyoyin jin ciwo: ASIC, daga ɗakin binciken Michel Lazdunski a Faransa, da TRPV1, daga na David Julius a Amurka, wanda aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Dukansu H⁺ na buɗe su ko ya sa su saurin buɗewa. Wani ɓangare na raɗaɗin da ake ji a wurin da ya kumbura daga nan yake.

A 2003 kuma aka nuna cewa wasu furotin a fatar sel, GPR4 da GPR68, aikinsu shi ne jin H⁺, daga baya aka ƙara GPR65. A nan ne labarin ya fara rabuwa. GPR4 yana jikin sel ɗin da suka shimfiɗe cikin magudanan jini, idan ya ji tsami sai ya sa su zama masu danƙo, fararen ƙwayoyin jini su maƙale su kutsa cikin nama, kumburi ya ƙaru. GPR65 kuwa ya fi yawa a jikin sel ɗin garkuwa, kuma a makirofaj rage fitar TNF, wani sinadarin tayar da kumburi, yake yi, wato birki ne. An sami wani sauyi a ƙwayar gadonsa da ke da alaƙa da ciwon kumburin hanji. A 2013 masu bincike a Helsinki ta Finlan suka nuna cewa zuba makirofaj na mutum a ruwa mai tsami yana kunna NLRP3, na'urar cikin sel da ke sakin IL-1β, ɗaya daga cikin manyan masu tayar da zazzaɓi da kumburi.

Ko asid ɗin ma ba duka ɗaya ba ne. John Kellum da abokan aikinsa a Amurka sun saukar da pH ɗin ruwan makirofaj zuwa lamba ɗaya, wani da haidirokilorik asid, wani da laktik asid, sakamakon ya fito daban: na farko ya fi karkata ga tayar da kumburi, na biyu ga kwantar da shi. To idan asid biyu a pH ɗaya sun saɓa, babu dalilin da zai sa a ɗauka cewa tsamin da CO₂ ta kawo zai yi irin aikin sauran.

Gefen CO₂, inda gizo ke saƙar

CO₂ ba ta da caji, don haka ratsa fatar sel take yi ba tare da neman ƙofa ba, ta sa cikin sel ya yi tsami cikin ɗan lokaci. H⁺ na waje ba ya iya haka. Bayan wannan, ita kanta tana maƙalewa a jikin furotin. An daɗe da sanin tana yin haka da himogulobin. A 2013 ƙungiyar Nicholas Dale a Ingila ta nuna tana kama wani furotin mai suna konegzin 26 ta buɗe shi, a 2021 kuma ƙungiyar Martin Cann ta nuna tana kama yubikwitin, ƙaramin furotin ɗin da sel ke liƙa wa wasu don a rusa su ko a kunna su. Wannan na biyun ya ja hankalina sosai, domin kunna NF-κB, babban makunnin ƙwayoyin gadon kumburi, ya dogara ne da yubikwitin.

Sha'awar wannan fanni daga sashen kulawa ta musamman ta taso. Masu ciwon huhu mai tsanani da ake kira ARDS, a da ana hura musu iska da yawa da na'ura don a riƙe CO₂ ɗinsu daidai, ashe hurawar tana yayyaga huhun. A 1990 Keith Hickling a Niyu Zilan ya ba da rahoton cewa ya rage yawan iskar, ya bar CO₂ ta hau, kuma marasa lafiyarsa sun rayu fiye da yadda aka yi hasashe. A 2000 babban gwajin ARDSNet a Amurka, mai mutum 861, ya kwatanta mililita 6 da mililita 12 na iska a kowane kilo: mace-mace kashi 31 cikin 100 a rukunin farko, kashi 39.8 a na biyu. Sai tambaya ta taso: rage miƙe huhu ne kaɗai ya cece su, ko ita CO₂ da ta taru tana da nata amfani? John Laffey da Brian Kavanagh sun tsaya a kan na biyun, suka yi ta gwaji a dabbobi, kuma lalle a raunin huhu na sa'o'i kaɗan, ƙara CO₂ a iskar da dabba ke shaƙa yana rage shigar niyutirofil da lalacewar nama. A 2010 Eoin Cummins da Cormac Taylor a Dabilin ta ƙasar Ailan suka nuna cewa yawan CO₂ yana danne NF-κB a sel ɗin dabbobi masu shayarwa, kuma wani ɓangare na wannan ba ya bukatar pH na waje ya canza. Likitocin tiyata ma sun ga makamancin haka: a tiyatar da ake hura ciki da CO₂ a shiga da kyamara, makirofaj na cikin ciki sukan rage fitar da TNF na ɗan lokaci.

Wannan ne tushen rubuce-rubucen da kika gani masu cewa CO₂ na rage kumburi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kumburi ba abokin gaba ba ne a kowane hali, da shi jiki ke kashe bakteriya. Masu bincike a jami'ar Northwestern da ke Amurka, ƙarƙashin Jacob Sznajder da Greg Beitel, sun sa ƙananan ƙudajen gwaji a iska mai yawan CO₂, ƙudajen suka rage ƙera sinadaran kashe bakteriya, suka fi mutuwa idan an sa musu cuta. Ƙudan ba shi da huhu irin namu, don haka abin tsohon tsari ne a halitta. A makirofaj sun ga sinadaran kumburi IL-6 da TNF sun ragu, amma haɗiye bakteriya ma ya ragu. Ɓerayen da aka sa wa bakteriyar Pseudomonas a huhu sun fi mutuwa a cikin yawan CO₂. A 2017 wani nazari na marasa lafiyar ARDS daga ƙasashe da dama ya sami cewa waɗanda matsin CO₂ ɗinsu ya kai 50 mmHg ko fiye a kwanakin farko sun fi mutuwa, ko bayan an yi la'akari da tsananin ciwonsu. Irin wannan nazari na lura ba ya tabbatar da sanadi, amma ya isa ya sanyaya gwiwar masu son a mayar da CO₂ magani. Ra'ayina shi ne, ana haƙuri da hauhawarta ne don a kare huhu, ba nemanta ake yi ba.

Akwai kuma wata fuska da masu ilimin sinadarai suka fi kowa sani. Sel ɗin garkuwa suna fitar da naitirik oksaid da sufa'oksaid, su haɗu su zama feroksinaitirait. A 1995 Lymar da Hurst suka nuna cewa wannan sinadari yana haɗuwa da CO₂ da saurin da ya sa a cikin jiki ita ce ɗaya daga cikin abokan haɗuwarsa na farko. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu yana fashewa zuwa ɓaraguzai biyu masu ƙuna, ɗaya na kabonet ɗaya na naitirojin dayoksaid, waɗanda ke ɓata furotin. Ohara Augusto a Birazil da Rafael Radi a Urugwai sun yi shekaru a kan wannan. Haka kuma haidirojin feroksaid idan ya sami CO₂ da baikabonet yakan zama wani sinadarin da ya fi shi saurin taɓa wasu enzayim. Wato iskar da ke danne NF-κB ita ce kuma ke canza irin ɓarnar da sinadaran kumburi ke yi.

Enzayim ɗin da baikabonet

Mutum yana da nau'in kabonik anhaidires wajen 15. Biyu sun shafi amosanin gaɓoɓi. CA IX yana fitowa ne idan oksijin ya yi ƙaranci, yana zaune a wajen fatar sel yana ƙara wa kewayenta tsami; an fi saninsa a ciwon daji, amma an same shi a tantanin gaɓoɓin da suka kumbura. CA II kuma shi ke samar wa sel masu cin ƙashi H⁺ da suke narkar da ƙashi da shi, a ɗan wurin da suke liƙewa pH yakan kai wajen 4.5. Waɗanda aka haifa ba su da CA II ƙasusuwansu tauri suke yi fiye da kima, kamar yadda William Sly ya nuna a 1983. A amosanin rumatoyid kumburi ne ke zuga waɗannan sel har su zaizaye bakin gaɓa. Wani abin mamaki kuma, an gano a 2004 cewa selekoksib, maganin ciwon gaɓoɓi, yana toshe wasu nau'o'in wannan enzayim bayan aikinsa na asali. Duk da haka asetazolamaid, wanda aka yi shi musamman don toshe enzayim ɗin tun shekarun 1950, maganin hawan matsin ido ne da ciwon hawa tsauni, bai zama maganin amosani ba.

Baikabonet kuwa, hujja mafi ƙarfi a kansa daga cutar gado ta sistik faiburosis ta fito. Ƙofar da ta lalace a wannan cuta, CFTR, ba kulorayid kaɗai take fitarwa ba, har da baikabonet. A 2012 ƙungiyar Michael Welsh a jami'ar Iowa ta nuna a jariran aladu masu cutar cewa siririn ruwan da ke shafe a hanyar numfashinsu ya fi tsami, ba ya kashe bakteriya sosai, da aka fesa baikabonet kuma ƙarfin kisan ya dawo. A can, ƙarancin baikabonet ne ya buɗe wa bakteriya ƙofa, kumburi ya biyo.

Ruwa mai gas da bekin soda

Ruwa mai gas ba ya canza pH ɗin jini. Yana sauka ne a cikin ciki wanda ruwansa ya fi shi tsami nesa ba kusa ba, yawancin iskar ta fita da gyatsa, ragowar da ta shiga jini huhu ya fitar da ita cikin 'yan numfashi. Idan kika kwatanta da milimol 15,000 ɗin nan na kullum, kwalba ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Ɗan cizon da ake ji a harshe aikin wani nau'in enzayim ɗin ne, CA IV, tare da jijiyoyin jin zafi, kuma a baki yake ƙarewa. Mai ƙwannafi ko kumburin ciki na iska zai iya jin ya dame shi. Lemon kwalba kuma matsalarsa sukari ce da sauran asid da aka zuba, musamman ga haƙori.

Maganar bekin soda daga wani bincike na 2018 ta bazu, na Paul O'Connor a jami'ar Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka. Sun ba ɓeraye da wasu 'yan tsirarun mutane masu lafiya ruwan sodiyam baikabonet, wato bekin soda, suka ga makirofaj sun karkata daga nau'in da ke tayar da kumburi zuwa mai kwantarwa, kuma suka danganta abin da saƙon da ke isa saifa. Bincike ne mai ban sha'awa, amma ba a kan masu amosani aka yi shi ba, ba a kuma auna ko ciwon wani ya ragu ba. Da aka gwada baikabonet a manyan gwaje-gwaje ga waɗanda jininsu ya yi tsami da gaske, sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. Gwajin BICAR-ICU na Faransa a 2018, mai mutum 389, bai nuna bambanci a babban abin da aka auna ba, sai a rukunin masu raunin ƙoda. Gwajin BiCARB na Birtaniya a kan tsofaffi masu ciwon ƙoda bai nuna ƙarin ƙarfin jiki ba.

Ni ba likitan Mama ba ne, aikina a kan sel ne cikin faranti, amma wannan zan faɗa ba tare da shakka ba: kada ta fara shan bekin soda a kan kanta. Sodiyam ne mai yawa, yana iya tayar da hawan jini ya tara ruwa a jiki, ya saukar da fotashiyam, ya kuma canza yadda wasu magunguna ke shiga jini. Idan amosaninta rumatoyid ne, abin da ke hana gaɓa lalacewa shi ne magungunan da ke danne cutar daga tushe, irin su metotireksat, a hannun likita kuma da wuri.

Ga aikin rubutunki

A ɗakin gwaji muna renon sel a inkubeta mai kashi 5 cikin 100 na CO₂, domin hakan ya yi kusa da 40 mmHg na jini. Amma ruwan reno ba ɗaya ba ne. RPMI yana da baikabonet wajen milimol 24, ya dace da kashi 5. DMEM yana da wajen 44, an tsara shi ne don kashi 10, a kashi 5 kuwa pH ɗinsa yakan haura na jini, kuma ɗakunan gwaji da yawa haka suke amfani da shi ba tare da sun ambata ba. Idan na fito da faranti na ajiye a kan tebur, ina kallo jan launin ruwan yana komawa shunayya-shunayya, CO₂ ce ke tserewa. Duk wanda ya daɗe yana ɗiga magani a faranti a waje, sel ɗinsa sun riga sun sha canjin pH kafin gwajin ya fara. Masu aikin enzayim kuma sukan yi amfani da ruwan fosfet ko HEPES da babu baikabonet a ciki, don haka duk wancan haɗuwar feroksinaitirait da CO₂ ba za ta bayyana musu ba.

Saboda haka idan aka kawo mini takarda ko aikin ɗalibi a wannan fanni, rukuni huɗu nake nema. Na farko CO₂ daidai, pH daidai. Na biyu CO₂ ta hau, an bar pH ya sauka. Na uku CO₂ ta hau amma an ƙara baikabonet har pH ya dawo 7.4. Na huɗu CO₂ daidai, an saukar da pH da wani asid daban. Idan abin da aka gani ya bayyana a na biyu da na huɗu, aikin H⁺ ne. Idan a na biyu da na uku ne, CO₂ ce ko baikabonet. Na ukun ma yana da tarko, domin ƙara sodiyam baikabonet yana ƙara gishirin ruwan, dole a daidaita shi a sauran rukunan, kuma pH na cikin sel zai iya sauka na ɗan lokaci ko da na waje bai motsa ba. Ki zana jadawali, ki jera kowace takarda da kika karanta a layi, ki rubuta wace dabba ko wane sel, sa'o'i nawa, akwai bakteriya mai rai ko babu, da kuma wanne daga rukunan nan huɗu suka yi. Za ki ga da yawa biyun farko kaɗai suka yi, kuma waɗannan ba su da ikon cewa ko H⁺ ne ko CO₂ ce ta yi aikin.